Direba Babu

A Gujungu rumfata take, bayan 'yan riɗi:
kwamfuta ɗaya, injin wanke hoto,
da farin ƙyallen da nake rataya wa masu fasfo.

Na sayo wani ɗan abu a Kano,
bai kai ƙwallon dabino ba.
Mai shagon ya ce, "Soka shi kawai,
hoto zai taho ta iska, kun rabu da igiya."
Dubu shida da ɗari biyar. Na biya har da godiya.

Na soka. Kwamfuta ta yi gyaran murya
irin na maigida in bai gane mai sallama ba.
Na zare, na hura, na goga a hannun riga,
na sauya masa ƙofa.
Ita dai ba ta san shi ba.
Sati uku yana kwance a gwangwanin canji.

Sai ga Tabawa ranar kasuwa,
wayar Lawandi ƙulle a bakin zani.
Ramin cajin ya riga mai ita mutuwa,
igiyata ba ta da wurin kamawa.
Hoto ɗaya take so:
yana tsaye cikin kankana, yana dariya,
hula a karkace.
Batir saura sha ɗaya.

Na kira Nafi'u, ɗan yayata, a Dutse.
Ya ce, "Kawu, ai direba babu."
Tabawa ta ce, "Direba?
Ga su can birjik a tasha suna cin gyaɗa,
in kirawo ɗaya?"
Na ce, ba irinsu ba, Iya, tafinta ne.
Baƙon yana magana, uwar gida tana magana,
bakinsu ne bai zo ɗaya ba.

Na hau kan buhunan Alhaji Maikano
ina ɗaga wayata sama kamar mai roƙon ruwa.
Na farkon da ya turo
na yaran kwamfutoci ne, tawa ta haife su.
Saura bakwai.
Na biyu ya tsaya a rabi, sabis ya tafi kiwo.
Tabawa ba ta ce komai ba,
ta dai rufe wayar da tafin hannu
kamar mai kare fitila daga iska.

Na uku.
Wata 'yar wuta ta ƙifta a jikin baƙon,
ta sake ƙiftawa.
Koren zare ya fara jan ciki a allo,
ni da ita har numfashi muka rage.
Ya taɓa bango, wayar ta yi duhu.

Injin ya yi tari, ya fara turo takarda.
Hula ce ta fara fitowa,
sai goshi, sai wushiryar.

Na ce kar ta taɓa, bai bushe ba.
Ba ta ji ba.
Ta sa babban yatsa tana gyara masa hular.