Ƙashi Biyu a Ƙafar Hagu

Shekara talatin ina taka Kejetiya
da tafin ƙafa shimfiɗe kamar faifai.
Inna ta ce sanyi ne.
Wanzamin Aboabo ya kafa ƙaho,
mai ɗori ya murɗa har na kira kakata.

Yau likita Boatemaa ta ɗaga hoto ga fitila:
"Duba, Ɗantani. Ƙashi biyu ne
suka manne tun kana ciki,
ɗaya ba ya juyawa sai da ɗan'uwansa."

An ce zumunta a ƙafa take.
Tawa ta yi yawa.

Takalmi tukuna, in ji ta, da allura;
in sun ƙi, wuƙa ta raba su.

Na ɗingisa zuwa tasha
ina lissafin huhun goro nawa
zai biya kuɗin rabuwa.