Shaidar Nomau

Da asuba Nomau ya tsai da motarsa a tashar Argungu,
ya ce, "Arzika, haɗa min mai kauri, ban da rowar madara."
Kurɓa uku ya yi.
Ya dafe ƙeya, ya ce kamar an sara masa gatari,
ya zame daga benci, kofina na hannunsa.

Kafin hantsi ya dubi ludayi
an tuna ina bin sa dubu goma sha biyu,
an tuna ranar da muka yi cacar baki a kansu.
Yaran da nake ba bashin burodi
su suka fara duƙawa neman dutse.

Sajan Bulus, mutumin Zuru, ya fizge ni daga hannunsu.
Ya ƙulle kofin a leda, da sukari, da ragowar ganye,
ya rubuta sunana a jiki kamar kayan aike.
Ya ce, "Ni ba na yanka, ba na hukunci.
Nawa tambaya ce, da tattara abin da aka bari."

Dangi suka ce a ba su nasu:
ga likkafani an yanko, ga kabari na jira,
wa ke barin mamaci ya kwana a waje?
Ban ga laifinsu ba. Da ƙanena ne, haka zan ce.
Amma alƙalin majistare ya sa hannu a takarda,
wai mutuwar da ta haifi zargi sai an ji ta bakinta.
Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce,
"In wuyan mai rai na rataye a kai, a bari a duba."

Ban ga ɗakin nan na Birnin Kebbi ba, ina bayan kanta.
Baba Magawata ya ba ni labari,
shi da ya shekara ashirin yana aikin mutuware,
yana yi wa kowace gawa sallama kafin ya taɓa ta.
Ya ce likitar da ta zo, Dakta Hassu,
ba irin mai rubuta magani ba ce;
nata marasa lafiyar sun gama cewa wayyo.
Ta fara da farce, da ido, da ƙasan harshe,
ba gaggawa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ta ɗora zuciya a sikeli, ta girgiza kai: ta yi nauyi.
Ta ɗebi jini da abin da ke ciki
ta aika wa wani saurayi a ɗakin gwaji,
wanda aikinsa neman guba, allura cikin ruwa.
Ya nema, ya sake nema.
Shayi ya samu, da madara.

A cikin kai ta iske ɓarawon:
wata jijiya siririya kamar zaren koma,
hawan jini ya shekara da shekaru yana gurzar ta,
ta zaɓi bencina ta tsinke.
Ta ɗinke shi tsaf, in ji Baba, ɗinkin da tela zai yaba,
aka kai shi makwancinsa kafin la'asar ta gobe.

Ni kwanana goma sha ɗaya kafin takarda ta iso.
Shafi biyu. Ban iya karanta ko layi ba,
na dai sumbaci hatimin.

Nomau, kai da ba ka taɓa biya na kan lokaci ba,
ka buɗe cikinka ka wanke ni. Na yafe sauran.

Tebur ya koma wurinsa, ciniki na dawowa da ɗingishi.
Direban da ya ce kansa na sarawa,
sai ya je an auna shi kafin in zuba ruwan zafi;
wasu na dariya, wasu na zagi.
Kofin kuwa har yau yana caji ofis.
Sajan ya ce in zo in karɓa. Ban je ba.