Ƙasar da Ba Ta Ƙamshi

A Tawa, bayan tashar Agadas,
ina da rumfa mai kwano uku, ina cajin wayoyin mutane,
dala ashirin kowace.
In ciniki ya yi sanyi sai in tafi gonata,
wadda ke cikin gilashi, faɗin tafin hannu.

Can an jefa ni tsibirin da ba kowa,
da gatari, da ƙwarya, da irin hatsi tsaba bakwai.
Dare na kuraye ne.
Yunwa kuwa jan layi ce a saman allo, tana cin kanta a hankali.
Na sare daji, na shuka, na girbe.
Na koma, na girbe.
A damina ta huɗu ƙasa ta yi fari fat,
lamba ta ce: ƙarfinta sha ɗaya cikin ɗari.
Mutumina ya faɗi a bakin rumbun da babu ko ƙaiƙayi.
Sau uku na mutu a Lahadi guda.

Ana haka Baba Nomau na Kalfu ya iso,
da ƴar wayarsa ɗaure da roba,
ya zauna kan benci yana jira ta sha wuta.
Ya leƙo. Ya daɗe yana leƙe.
Ya ce, «Asumana, gonar wa ka kashe haka?»
Na ce wasa ne, Baba.
Ya ce, «Na ji. Me ka ba ta?»
Na ce ruwa.
«Ruwa baƙo ne. Me ka ba ta daga gidanka?»

Ya sa na bar karan a kwance, na daina ƙonewa.
Ya sa na ɗaure akuya biyu a tsakiyar fili su kwana.
Ya ce inda hatsi ya tashi, wake ya zauna,
wake ba ya cin bashi bai biya ba.
Ya tambaya ko akwai gawo. Babu gawo.
Ya tambaya ko ana haƙa tassa, a zuba taki cikin tafi guda,
a bar wa gara sauran aikin.
Wanda ya ƙera wasan bai san gara ba.
Baba ya yi tsaki, ya ce a gaishe shi.

Sha ɗaya ta zama talatin.
Talatin ta haura sittin da huɗu.
Kore ya cika gilashi har gefe,
masu jiran waya suka taru a kanmu,
wani mai kabu-kabu ya manta da fasinjansa.

Sai Baba ya miƙo hannu, hannun da fako ya ci wa farce,
ya karɓi wayar, ya kai ta hanci.
Ya shaƙa.
Ya ce, «Ba ta ƙamshi. Yaya kake sanin ta ƙoshi?»
Na nuna masa lamba.
Ya ce, «In ta mutu gaba ɗaya fa?»
Na nuna masa wurin da ake dannawa a soma daga fari:
sabuwar ƙasa, baƙa, ba wanda ya taɓa gajiyar da ita.

Bai ce komai ba.
Na san tasa: kwari ya cinye rabinta shekarar da aka haife ni,
sauran rabin shekara tara yana lallashi, rami bayan rami.
Ya ɗora yatsa kusa da wurin, bai taɓa ba.

Kuran ya ɗauke. Tasa wayar ta tsaya a rabi.
Ya ajiye dala goma, ya ce rabin aiki, rabin kuɗi,
ya tafi neman motar Kalfu.

Da yamma hadari ya taso daga gabas, ya yi yayyafi kaɗan ya wuce.
Na tsinci kaina a bakin rumfa, durƙushe,
da damshin turɓaya cike da hannu,
ina shaƙa, ina shaƙa,
ban san me ake ji ba.