Rabon Ruwa a Dadin Kowa

La'asar sakaliya, ranar kasuwa,
ina zaune a gindin turken sadarwa,
kwamfuta a cinya, janareto na tari a bayana,
ƙadangare na gyaɗa kai a kan shinge
kamar ya san abin da ya kawo ni.

Ƙorafi ne ya kawo ni.
Rifkatu, ungozomar asibitin Hinna,
ta kira likita a Gombe jiya,
mai jego na zubar da jini a gabanta,
murya ta riƙa tsinkewa kamar zanen da asu ya ci:
"ba ta... allurar... kar ki..."
A ba ta ne, ko kar a ba ta?
Tsakanin kalmomin nan kabari yake kwance.

Na leƙa cikin na'ura.
Hanya ɗaya ce, ba ta da faɗi,
kowa ya danno kai lokaci guda:
samari na bin ƙwallon Turai a waya,
Sambo mai kifi na jiran shigar kuɗin ragon ruwa uku,
wata na tura hoton atamfa,
wani na sauke fim ɗin da ba zai kalla ba,
muryar Rifkatu a tsakiya
ana take mata ƙafa.

Na'ura ba ta san jini ba.
Wanda ya riga zuwa, shi take sallama.

Sai na tuna Baffa Gidado
da katakonsa na tare ruwa,
shekara goma sha tara yana rabo
a bakin kwatar da ta fito daga dam.
Tumatir mai fure, in ji shi, ba ya jira,
masara ta san haƙuri,
albasa kaɗan take so, amma a kan kari.
In manoma suka taso masa da hayaniya
sai ya ce, ba wanda ya fi wani a nan,
ƙishi ne ya fi ƙishi.

Na ɗauki katakona.
Na ware wa murya kwatarta,
ko gari ya cika ya batse, ba mai shiga.
Saƙon kuɗi ɗan ƙulli ne, ba nauyi,
na ce ya bi bayanta.
Bidiyo, mai cikin tulu,
na mai da shi ƙarshen layi,
amma na bar masa ɗan tsiyaya,
don Baffa bai taɓa toshe gonar kowa ɗungum ba.

Na kira Rifkatu don gwaji.
Ta ce tana ji na ras.
Ni har kukan jariri na jiyo a bayanta,
da ƙarar cokali a kofin shayi.

Magariba ta kawo jiki
sai ga saƙon Hansatu daga gida:
Ummi ta fara tafiya, duba!
Na danna.
Zobe ya yi ta juyawa,
talatin da bakwai cikin ɗari,
ya cije a nan.
Kasuwa ba ta watse ba, ƙwallo ba a tashi ba,
dokar da na kafa da hannuna
ta tsai da ni a bakin ƙofa.

Na san lungun.
Layi biyu zan rubuta,
lambata ta tsallake kowa,
ba mai gani sai ƙadangaren nan.

Gonar Baffa ita ce ta ƙarshe a kwata.
Da fitilar ƙwai yake ba ta ruwa,
bayan kowa ya tafi.

Na rufe kwamfuta.
Na sayi gasasshiyar tarwaɗa wurin Sambo,
ya ce kuɗinsa sun shigo tun ɗazu.
Bayan isha'i wayata ta motsa.
Taku ɗaya, biyu,
na uku ta zube a tabarma,
ta ɗago kai tana dariya.