Kaskon Alojzy

A ƙauyenmu na Kashubiya, can arewacin Folan,
inda tafki ke daskarewa har doki ya taka shi,
kakana Alojzy Formela ke niƙa asara
a kaskon yumɓu mai tsaga guda,
da muciyar da ta girmi babana.

Ganyen taba, busasshen ganyen ceri,
na'a-na'a daga bayan ɗaki, ɗigon zuma,
sai abu na biyar da ba ya faɗa
ko gaban fada, ranar furta zunubi.
Ya ɗura a ƙahon sa, ya toshe da ƙusar katako.
Baƙo ya zo, kafin gaisuwa ta yi nisa
an zazzaga masa a bayan hannu.

Takardar ta iso ranar Talata,
hatimi biyu, sa hannu kamar tonon kaza.
Daga sabuwar shekara, in ji ta,
tabar sayarwa ta yi warin taba kurum:
ba zuma, ba ganye, ba abin da zai yaudari hancin yaro.
Idonsa ya yi rauni, ni na karanta masa.
Sau uku.
Ya ce, "Leokadia, wanda ya rubuta wannan
yana da hanci kuwa?"

Na yi shiru, na kau da kai wajen murhu.
Ban gaya masa zancen Remek ba,
ɗan yayana, shekara sha ɗaya,
da na tsinta bayan makaranta yana sheƙa amai,
koren gwangwani daga gidan mai a aljihunsa,
mai ƙamshin alewa, da zanen dusar ƙanƙara.
Ban gaya masa likita ta ajiye takardar koke
a teburin asibiti ba,
balle in ce alƙalamin ya bi ta hannuna.

Janairu ya zo da sufeto,
saurayi mai jan kunne, takalminsa ya jiƙe.
Ya ɗebi gari a 'yar kwalba zai kai Gdańsk.
Garin rufewa ya shaƙa ba da niyya ba,
atishawa bakwai a jere,
tsofaffin benci suna ƙirga masa,
kowace ɗaya da "Lafiya!"

Tun ranar kaka ke niƙa taba tsurarta.
Brunon masunci ya ce miya ce ba gishiri.
Da safe sai ga damin na'a-na'a
rataye daidai kan benci, yana shafar hula.
"Ku shaƙi tawa ta ƙasa, ku shaƙi ta Allah ta sama.
Doka ba ta kama iska ba tukuna."

Amsar Gdańsk ta zo da narkewar ƙanƙara:
an ji ɓurɓushin ƙamshi a garin,
kaɗan ne, ba tara, amma a sake kwano.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya kama yatsana ya bi da shi kan tsagar,
baƙa, mai danƙo, shekara sittin na zuma da ceri
sun kwanta ciki, wanki bai taɓa fitar da su ba.
"Ga na biyar ɗin," ya ce. "Ni ma a wurinsu na sani."

Sai ya miƙo min kaskon.
"Brunon ya ga sunanki, layi na tara.
Ya ce rubutunki ya fi na likita kyau.
Yaya cikin yaron?"

Yanzu kaskon na kan tagata, da albasa uku a ciki.
In rana ta buge shi da hantsi
Remek kan tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hanci,
ya ce ɗakin nan warin kaka yake.
Ni ce ke atishawa.