Mai Gyaran Agogo a Hanyar Kasuwa

Ƙarfe huɗu da rabi na baro Kasuwa,
alwala ba ta bushe a gemuna ba.
Barikisu ta miƙo koko a leda, ta ce,
"A hankali da ƙofa, yarinya na barci."
Kullum yarinya na barci.

Tun da kuɗin haya ya kore mu daga Nima
na zama ɗan hanya.
Ita ke tashe ni, ita ke kwantar da ni,
ita ke gutsure ranata kafin in ɗanɗana.

Trotron Ebo ta cika, ta zabura,
a Waija ta durƙusa.
Jajayen fitilu sun jeru har inda ido ya gaji,
carbin da aka ja rabi aka manta.
Ruwan jiya ya kwaso yashin tudu ya juye a kwalta,
layi uku sun koma ɗaya da rabi,
kowa na danna ham, kamar ham na share yashi.

Na yi asuba a zaune, da ka,
alƙiblata bayan wata tifa
mai rubutu da bakin Asante.
Ebo ya fassara yana hamma: komai da lokacinsa.

Tsohuwar nan mai kifi, 'yar Fanti,
ta aje kanta a kafaɗata kamar jiya, kamar shekaranjiya.
Ban san sunanta ba.
Na dai san minsharinta na yankewa in an taka birki.

Sana'ata gyaran agogo, rumfa ta uku bayan tashar Kaneshi.
Yau akwai huɗu na mutane a aljihuna,
duk na gyara, duk suna tafiya.
Su kaɗai ke tafiya a motar nan.

Ga Awudu da cajojin waya a wuya,
ya gaishe ni, ya wuce mu a ƙafa,
ya sayar da uku, ya dawo ya tarar da mu
inda ya bar mu, ya sake gaisuwa.
A kan titin nan na ga gashin bakinsa ya tsiro,
na san watan da muryarsa ta fashe.
Hamdiya kuwa, labari aka ba ni
ranar da ta fara faɗin sunana daidai.

Mahaɗar Malam.
Ban san wane malami ba ne,
amma yana koyar da haƙuri ba allo ba bulala,
kuma ba ya yaye kowa.
Ankara, Ankara,
sunanki ma gargaɗi ne, ni ne ban ankara ba.

Da yamma a juya rigar a sake sawa:
hayaƙi ɗaya, fitilu ɗaya,
magariba a Odoko, isha'i a gadar Densu,
goma saura in murɗa ƙofa a hankali.
Takalminta nake ɗauka a bakin ɗaki
in auna a tafin hannuna.
Bara tafin ya haɗiye shi.
Bana ya leƙo ta kan yatsu.

Daren jiya na tsinci abu a cikinsa:
agogon roba, ruwan hoda, maɗaurin ya tsinke,
hannuwansa fenti ne, sun kafe a ƙarfe uku.
Barikisu ta ce daga cikin barci,
"Wai ba ya tafiya. Ta ce a ba mai gyara."

Na ɗinke maɗaurin da zare.
Sauran ya fi ƙarfina.

Yau da safe, a Waija, na fito da shi ina juyawa,
tsohuwa ta farka, ta taɓa wuyan hannunta, tana tambayar lokaci.
Na nuna mata.
Ta duba, ta duba titi,
ta gyaɗa kai,
ta mayar da shi kafaɗata.