Kifin da Ya Faɗo daga Sama

Kwalin naɗe yadi na roƙa a Balogun,
mai shago ya dube ni sama da ƙasa:
"Malam Tanimu, teburi za ka yi wa ƙafa?"
Na ce a'a, wata zan nufa.
Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Hotonta na bangon shagona a Agege,
a tsohuwar kalandar da ɓera ya ci wa gefe:
doguwa, fara, da baƙar ɗamara a ƙugu,
hawa uku, kowanne ya ƙone ya saki na samansa,
ita ce ta kai mutane wata
shekarar da aka yaye ni.
Babana yana gadi a Apapa lokacin,
ya ji a rediyo, ya tofar da goro, ya ce ƙarya ne.
Har ya koma ga Allah bai janye ba.

Ni dai mai gyaran fanka ne.
Na auna hoton da zare,
na rage tsawonta sau ɗari,
ta tsaya mini iya ƙugu.
Fukafukai huɗu daga akwatin tumatir,
na goge su har yatsuna suka daina jin zafi.
Hancin kuwa mazurarin mangyaɗan Ladidi ne,
kwana tara tana nema,
ni ma ina taya ta.

Tasallah ce ta ɗaure ta da igiya,
ta wulwula ta bisa kai a tsakar gida.
"Baba, gindinta ya fi kanta nauyi,
alkafura za ta yi."
'Yar da na koya wa riƙe cokali!
Na yi shiru, na cusa tsofaffin kwabbai uku a hancin,
ta sake wulwulawa, ta gyaɗa kai.
Laimar saukarta ita ta ɗinka
da ragowar lemar da damina ta karya.

A Agege jiragen Ikeja na shafar rufinmu,
sai muka nufi Badagry.
Yaron mota ya ce abin nan ya cinye kujera,
na biya mata kuɗin mutum guda,
ta zauna kusa da taga.

Rairayi, kwakwa, iska mai gishiri.
Yara suka taru, muka kore su taku talatin.
Goma, tara, takwas,
har ɗaya.
Shiru.
Kaguwa ta fito daga rami ta dube mu.
Waya ce ta zame daga batirin babur,
hannuna na rawa na mayar.

Fuuu!
Ban ga tashinta ba, hayaƙin na gani,
farin zare an ja shi tsaye,
tana can ƙarshensa kamar allura
tana neman inda za ta ɗinke gajimare.
Hulata ta faɗi, ban duƙa ba.
Sai laima ta buɗe,
iska ta ce tawa ce,
ta bi da ita bayan kwakwa, kan ruwa.

La'asar sakaliya wani masunci ya iso,
Semako sunansa, kwalekwalensa na yoyo.
Ya ɗago ta daga cikin karfasa, tana ɗiga:
"Shekara arba'in ina jefa koma,
yau kifi ya faɗo mini daga sama."
Na ce ƙanwar wadda ta je wata ce.
Ya tofar da yawu a ruwa, ya ce ƙarya ne.

Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen kwali.
Tasallah ta ce, "Baba, me ya shiga idonka?"
Na ce gishiri.

Da dare na ajiye mazurari a bakin murhu.
Ladidi ta ɗauka, ta shinshina,
ƙauri da ƙarni.
Ta dube ni, ta dubi 'yarta,
ta ce, "To, ya watan? Kun same su lafiya?"